Madarar da Muke Sha a Saudiyya, da Ruwan Wa Ake Samar da Ita?

Baban Zainab (Jidda):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta gaban masana da kuma waɗanda suka ga abin da idonsu. Shekarata 19 a ƙasar nan, kuma ban taɓa shiga bakala, wato kantin unguwa, na tarar da firji babu madara ko laban, nonon nan mai tsami, ba, ko a watan azumi da kowa yake wawaso, ko a kwanakin Hajji da jama'a take ninkuwa. Ƙasa ce da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, a kan yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma madararta ta ishe ta har tana sayar wa maƙwabtanta. Mu kuwa a gida Najeriya ga shanu miliyoyi, ga fadama, ga damina, amma madarar gari da ake shigowa da ita daga waje ita ce a kofin shayinmu.

Abin da ya sa nake tambaya shi ne, ina shirin komawa gida da ɗan abin da na tara, kuma ina da fili a gefen Kura. Zuciyata tana raya mini in sayi shanun nan masu baƙi da fari kamar guda 10, in kafa irin abin da na gani a nan, ko da ƙarami ne. Wanda ya san sirrin abin ya taimake ni kafin in zuba kuɗina.

Ɗan Gumel (Kharj):
Wa alaikumus salam, Yaya. Ina ganin ni ya kamata in fara amsa maka, domin shekara 6 ke nan ina aiki a ɗakin tatsa na wata gona a nan yankin Kharj, kudu da Riyad. Saniyar da kake magana a kanta, wadda ake kira Holstein, ba irin saniyar da muka tashi muka gani a ruga ba ce. Tun daga ranar da aka haife ta har ranar da za a kai ta mahauta ba ta taɓa fita kiwo ta tsinki ciyawa da bakinta ba. Tana ƙarƙashin rumfa, manyan fankoki suna hura mata iska haɗe da feshin ruwa, mota tana zuwa ta zuba mata abincin da aka auna aka gauraya, kuma akwai lamba a kunnenta wadda da ita kwamfuta take sanin litar da ta bayar jiya da wadda ta bayar yau. Ana tatsarta sau 3 a kwana ɗaya, wasu gonakin ma sau 4, kuma saniya mai lafiya tana iya kaiwa lita 40. Madarar ba ta taɓa hannun mutum; daga hantsa sai bututu, daga bututu sai tankin sanyi.

Amma bari in ba ka labarin wata rana guda, ka auna da kanka. A wani watan Yuli wuta ta ɗauke a rumfa ɗaya bayan azahar, kuma aka yi rashin sa'a janareton wannan ɓangaren ya ƙi tashi. Kafin a gyara an yi wajen awa biyu. Na ga shanu sun miƙe tsaye sun ƙi kwanciya, sun buɗe baki, harshe a waje, yawu yana dalala, cikinsu yana bugawa kamar zugazugin maƙeri. Mun yi ta jan tiyo muna watsa musu ruwa, duk da haka biyu suka faɗi, kuma aka yi kwanaki madarar wannan rumfar ba ta koma yadda take ba. Awa biyu kacal, Yaya. Kai ka fi ni sanin awa nawa wuta take yi ba ta zo ba a Kura.

Baban Zainab (Jidda):
Ƙanena, ka sanyaya mini gwiwa tun ban tashi ba. Amma ai yanzu akwai sola, kuma zafin Kano bai kai na Kharj ba. Idan matsalar wuta ce kaɗai, ina ganin da magani.

Ɗalibin Noma (Riyad):
Baba, da matsalar wuta ce kaɗai da abin ya zo da sauƙi. Ina karatun kiwon dabbobi a nan Riyad, kuma abin da ya fi tayar wa masu wannan sana'a hankali a ƙasar nan shi ne ruwa da ciyawa. Ku ba ni dama in ɗan koma baya.

Manyan kamfanonin da muke ganin sunansu a jikin gora duk 'ya'yan shekarun arzikin man fetur ne. An kafa Almarai a 1977, lokacin da Yarima Sultan bin Muhammad bin Sa'ud Al-Kabir ya haɗa gwiwa da wasu 'yan'uwan juna biyu daga Ailan masu sanin kiwon zamani. Gonar Al Safi ta Kharj ta biyo baya a 1979, Nadec kuma a 1981. A wancan zamani gwamnati tana ba da fili da bashi marar ruwa, man dizal yana da araha, kuma kowa yana haƙa rijiyar burtsatse yana jan ruwa yadda ya ga dama. Da wannan ruwan ne aka noma alkama har ƙasar ta riƙa sayarwa waje, kuma da shi aka noma barsim, wato ciyawar da ake shukawa domin dabbobi, wadda shanun nan suke ci. Inda gizo yake saƙar shi ne, ruwan da ake ja ya taru ne a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin yake da damina, kuma ruwan saman yanzu ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Idanun ruwan Kharj da aka san garin da su tun da, mutanen wurin za su gaya maka cewa sun ja baya sun ƙafe.

Shi ya sa a 2008 gwamnati ta fara janye hannu daga sayen alkamar cikin gida har aka rufe shirin a 2016. Sai manoma da yawa suka koma barsim, alhali barsim ya fi alkama shan ruwa nesa ba kusa ba, tun da ana yankansa ya sake tohowa duk shekara, har da tsakiyar bazara. A ƙarshen 2015 aka yanke hukuncin hana manyan gonaki noman ɗanyar ciyawa, aka ba su shekara 3, dokar ta fara aiki a ƙarshen 2018. Yau saniyar tana Kharj, amma kaso mai yawa na abincinta a jirgin ruwa yake zuwa. Almarai ta sayi kamfanin Fondomonte a Ajantina a 2011, ta kuma sayi gonaki a jihohin Arizona da Kalifoniya na Amurka domin noma barsim. Can ma mutanen Arizona suka tayar da ƙayar baya a kan ruwansu, har gwamnar jihar ta soke hayar wasu filayen gwamnati da kamfanin yake nomawa a 2023. Saboda haka idan ka ɗaga gorar laban a bakala, ka sani cewa akwai ruwan wata ƙasa a cikinta.

Ɗan Misfala (Makka):
Ɗana ɗalibi, ka yi bayani mai kyau, amma ka karkata gefe ɗaya. Ni a nan aka haife ni, kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, kuma na tuna lokacin da madarar gari da ta gwangwani kaɗai muka sani a unguwarmu. Ɗanyar madara sai mai akuya a gida. Yau ɗan talaka yana shan laban mai sanyi da riyal ƙalilan, kuma ba a jin labarin yaro ya kwanta ciwo saboda an sirka masa madara da ruwan kwata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ina so ka tuna abin da ya sami Katar a watan Yuni na 2017. Ranar da aka rufe iyaka, madarar da suka saba samu ta mota daga nan ta yanke, har sai da suka riƙa ɗauko shanu dubbai a jirgin sama domin su kafa nasu garken cikin gaggawa. Ciyawa busasshiya ana iya tara ta wata da watanni a rumbu, idan wannan ƙasar ta hana a saya a waccan. Ɗanyar madara kuwa kwana kaɗan take yi. Wanda yake da saniyar a gida kuma yake sayo ciyawa ya fi wanda yake sayo madarar kwanciyar hankali.

Ɗalibin Noma (Riyad):
Allah ya ƙara girma, Baba, ban musa ko ɗaya ba, kuma maganar rumbun ciyawa gaskiya ce wadda ban kawo ba. Abin da nake nufi shi ne, wannan tsari ne na mai kuɗi. Ƙasar da take da kuɗin sayen gona a Ajantina da kuɗin jigilar ciyawa ta teku za ta iya riƙe shi. Baban Zainab ba shi da tashar jirgin ruwa. Kuma ko a nan ɗin, ƙananan gonakin madara da yawa ba su iya jure tsadar abinci ba, kasuwar ta tattaru a hannun kamfanoni 'yan ƙalilan.

Dattijon Mai Wurno (Madina):
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na yawan rubutu a nan, jikana ne yake karanta mini, amma da na ji an ambaci Ajantina da Amurka ba a ambaci Sudan ba, sai na ce a ba ni wayar. Mu Hausawan Sudan mun ga wannan barsim ɗin da idonmu. Kafin yaƙin nan, idan ka bi hanyar Atbara zuwa Bur Sudan za ka riƙa wuce manyan motoci ɗauke da damman barsim, an noma shi a gonakin masu zuba jari daga ƙasashen Larabawa a arewacin ƙasar, ana kai shi tashar jirgin ruwa. A lokaci guda kuma mai shanu a gefen Khartum yana kukan tsadar ambaz da radda da abu sab'in, wato tunkuzar gyaɗa da dusar alkama da karan dawar da ake yanka wa dabbobi ɗanye, yana ƙara kuɗin ratal, wato ma'aunin da muke auna madara da shi, uwar 'ya'ya tana rage abin da take saya. Ban ce an yi mana fashi ba, haya suka biya, kuma wasu yaranmu sun sami aiki. Amma abin yana da ciwo a ce ciyawa ta tsallaka teku, ta koma madara, kai mai ƙasar kana saye da tsada.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da shanun madara na asali da Allah ya hore mana, Butana da Kenana. Saniya ce da ta san zafi, ta san ƙuda, ta san rani, kuma idan ta ƙoshi tana ba da madarar da za ta ba ka mamaki. Mahaifina yana da Kenana guda 4 a bakin kogin Shuɗin Nilu, da su aka shayar da mu, har a kaɗa rob, wato nono mai tsami, a fitar da mai a kai kasuwa. Maimakon a zauna a zaɓi nagartattun cikinsu a inganta irin, sai kowa ya ruga barbara da na Turawa ba tsari, har ya zama samun tsantsar Butana sai an tona. Sannan yaƙi ya zo a watan Afrilu na 2023, garkunan da suke kewayen Khartum da Bahri suka watse, masana'antu suka tsaya. Wani ɗan ƙanwata da yake yawon sayar da madara a kan jaki, da tuluna biyu na ƙarfe a gefe da gefe, yanzu yana gudun hijira, ba jakin ba tulunan. Saniyar ruga ana iya kora ta a gudu da ita. Saniyar rumfa kuwa inda take nan take mutuwa idan motar abinci ta daina zuwa.

Baban Zainab (Jidda):
Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, Baba, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Maganarka ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, domin mu ma a gida ba mu tsira daga ɓarayin shanu ba.

Hajiya Mai Fura (Makka):
Amin. Ku gafarce ni in sa baki, domin duk maganar da kuke yi a kan saniya ce da ciyawa, ba wanda ya tambayi mai saye. Shekara da shekaru ina dama fura ina sayar wa alhazanmu, kuma da laban ɗin bakala nake damawa tun da ba ni da wani. Yana da tsabta, ba ya canzawa, na yau kamar na jiya. Amma duk tsohuwar da ta kurɓa sai ta ce mini, Hajiya, furar ta yi daɗi, sai dai nonon ba shi da ƙamshi. Gaskiyarta ne. Kindirmon da ya kwana a ƙwarya, mai maiƙo a sama, na saniyar da ta ci ciyawar daji, daban yake, kuma mutanenmu za su biya kuɗinsa idan sun tabbatar ba a sirka shi da ruwa da kuka ba. Kuɗin laban kuma ya hau, musamman tun da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020, ni na sani domin katan-katan nake saye.

Sannan Alhaji, ka yi tunanin matan Fulani. A ruga shanu na maigida ne, amma nono na mata ne, da shi suke sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'ya'yansu. Duk wanda zai shiga wannan sana'a a gida, ko dai ya zama abokin cinikinsu ko ya zama kishiyarsu. Kuma na ji ana cewa a wuraren da kamfani yake zuwa karɓar madara, sau da yawa maigida ne yake zuwa ya karɓi kuɗin, matar ta tashi a tutar babu. Idan za ka yi, ka sa kuɗin a hannun wadda ta tatsa.

Ɗalibin Noma (Riyad):
Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. A ganina abin da ya kamata a ɗauko daga Saudiyya shi ne sanyin, wato yadda madara take shiga tanki tun da ɗuminta, ta shiga mota mai firji, ta isa bakala ba ta lalace ba. A Najeriya madarar tana nan warwatse a rugage, lita ɗaya ko biyu daga kowace saniya, da damina ta yi yawa har ta yi tsami a hanya, da rani kuma ta ɓace. Ƙaramar cibiya mai tankin sanyi da sola, kusa da rugage, tare da abin gwada ko an sirka, za ta fi shanu 10 na waje amfani, kuma asararta ba ta kai tasu ba. Idan kuma dole sai ka ajiye shanu, ka nemi ruwa-biyu, Bunaji da aka haɗa da na Turawa; cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana wannan aiki. Ka kuma fara shuka abincinsu shekara guda kafin ka sayo su, ka tara harawar wake da ta gyaɗa, ka san inda za ka sami dusa da angurya a watan Afrilu.

Ɗan Misfala (Makka):
A nan kam ban yarda da kai ba, ɗana. Wannan tara lita ɗaya-ɗaya daga ruga zuwa ruga ba zai taɓa ciyar da birni kamar Kano ba. Da waɗanda suka kafa gonakin Kharj sun tsaya tattara nonon raƙuma da awaki daga tantin Badawiyyai, Larabawan hamada, da har yau gwangwani muke buɗewa. Wani lokaci sai an yi babban abu gaba ɗaya. An kafa wa kiwo ma'aikata ta musamman a Najeriya a 2024, to ga ranarta. Ta ba da fili da ruwa da wuta, masu kuɗi su zuba.

Ɗan Gumel (Kharj):
Baba, ka yi mini afuwa, ni da nake cikin babban abun zan ce maka ba kuɗi kaɗai ba ne. Likitan dabbobi a gonarmu yana kwana a gonar. Allurar ɓoru, ciwon baki da kofato, tana da ranarta, ba a ɗagawa. Mota ba ta shiga sai tayarta ta bi ta cikin ruwan magani. Kafin a maƙala wa saniya injin tatsa sai an tsoma kan nononta a magani an goge, bayan an cire a sake tsomawa, kuma duk da haka ciwon hantsa yana kama wasu, a ware su, a zubar da madararsu har maganin ya fita daga jikinsu. Na taɓa ganin an zubar da tanki guda saboda madarar saniya ɗaya mai shan magani ta shiga ciki bisa kuskure. Ranar na yi ta tunanin wane ne a garinmu zai iya kallon madara mai yawa haka ya ce a zubar. Kuma waɗannan shanun ba sa daɗewa. Bayan haihuwa kaɗan jiki ya gaji, ƙafa ta lalace, a fitar da ita a sa karsana a gurbinta. Saniyar kakata ta haihu sau 9 tana nan da ƙafarta.

Dattijon Mai Wurno (Madina):
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Kai kuma Ɗan Misfala, ɗan'uwana, babban abu yana da kyau inda gwamnati take tsaye da ƙafafunta. Mu mun ga manyan ayyukan noman rani a yankin Jazira na Sudan tun muna yara, mun kuma ga yadda magudanan ruwa suka cike da laka da aka daina kula. Alhaji mutum ɗaya ne da gumin shekara 19 a aljihunsa.

Baban Zainab (Jidda):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban fasa ba, amma shanu 10 ɗin nan sun koma 3 a raina, su ma ruwa-biyu, kuma zan fara binciken kuɗin tankin sanyi. Akwai rugage biyu da ba su fi tafiyar rabin awa a babur daga filin nawa ba, zan sa ƙanena ya je ya gaisa da arɗonsu ya ji ko suna zama har rani. Ƙanena na Kharj, saniya mai shayarwa ruwa nawa take sha a yini? Rijiyar da take filin ta hannu ce, da guga ake ja.

Ɗan Gumel (Kharj):
Tamu ta nan a lokacin zafi tana wuce lita 100, ban da na wanka da na wanke ɗaki. Ruwa-biyu ba za ta kai haka ba, amma ka lissafa jarka 3 zuwa 4 kowace saniya, kullum, har da ranar Sallah. Ka sa a duba maka rijiyar a watan Mayu kafin ruwan farko ya sauka, a ja guga 20 a jere a ga ko za ta kawo laka, sannan ka turo mini abin da aka gani.

Hajiya Mai Fura (Makka):
Idan ƙanen naka zai je rugar, Alhaji, ya tafi da matarsa. Arɗo zai gaya masa yawan shanu, amma matan ne suka san ƙwarya nawa ake tatsa da safe, kuma ba za su faɗa wa namiji baƙo ba.